A Ba Naƙasasshen Yaro Sana'a, Kada A Ba Shi Ƙoƙon Bara

Da wuya ka shiga wata unguwa a ƙasar Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ba ka sami gidan da ke da yaro mai wata naƙasa ba. Wani gurgu ne, wani makaho, wani kurma, wani kuma hankalinsa ne ba ya tafiya daidai da shekarunsa. Kowa ya san da su, amma ba safai akan zauna a yi maganar yadda ya kamata a rene su ba. Abin da aka saba ji shi ne "Allah sarki," daga nan sai kowa ya kama gabansa. Ni ina da ƙanwa kurma, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina ga 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu. Ra'ayin nawa shi ne, irin wannan yaro ya kamata a koya masa sana'ar hannu, a sa shi makaranta, a kuma ba shi nasa rabon a duk wata hidima da gida ke yi daga farkon shekara har ƙarshenta.

Ƙanwata, wadda muke kira Auta, ba da kurumta aka haife ta ba. Annobar sanƙarau da ta ɓulla a Jihar Zamfara a ƙarshen 2016, ta tsananta da bazarar 2017, ita ce ta same ta tana da shekara uku. Wannan annoba ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja, ta kashe mutum fiye da 1,000 a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, ɗaya kan iya tashi da wani lahani mai daɗewa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Auta ta warke, amma jinta ya tafi, 'yan kalmomin da ta fara iyawa kuma suka yi ta zubewa har suka ƙare.

A iyakar lurata, hanyoyi uku ne iyaye suka fi bi da irin waɗannan yara. Ta farko ita ce ɓoyewa. Sai a ajiye yaro a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gan shi, sai ka ce wani abin kunya ya aikata. Ta biyu ita ce bara. Sai a miƙa masa ƙoƙo, ko a haɗa shi da wani ɗan'uwa su tafi birni, abin da ya samo a zuba cikin cefane. Ta uku kuwa ita ce tausayin da ya wuce kima, watau a hana shi taɓa komai. Ya ɗauki tsintsiya a karɓe, ya nufi murhu a kore shi. Wannan ta ukun ta fi sauran kama da ƙauna, amma ƙarshensu duka ɗaya ne: yaro ya girma bai iya kome ba, ranar da iyaye suka kau kuma ya zama kaya a wuyan dangi.

Mu ma an kawo mana shawarar bara. Wata 'yar'uwarmu ta nemi a ba ta Auta ta riƙa tafiya da ita birni da rani, wai yarinya ƙarama mai naƙasa tana saurin samun sadaka. Baba bai yi dogon bayani ba, ya ce mata, "Yaya, kunnenta ne ya mutu, hannuwanta da idanunta lafiya lau suke." Washegari ya kai ta wurin Gwaggo, wadda duk unguwarmu an san ta da saƙar faifai da mafici.

Bari in bayyana yadda shekara ke zagayowa a gidanmu, don a ga inda take shiga. Da kaka, bayan an yanke gero da dawa, aikin mata ya tashi: sussuka, da sheƙa, da surfe, da bakace. Duk waɗannan da ido ake koyonsu, kurma kuwa ya fi mu lura. Auta ta iya karkata ƙwarya ta bi iska wajen sheƙa tun kafin ni in iya. A wannan lokaci ne kuma faifai ke kasuwa, don kowace mace tana bukatar sabo, ga bukukuwan aure da akan yi bayan amfanin gona ya shigo gida, kowace amarya kuwa sai an jera mata faya-fayai masu ado.

Da sanyin hunturu ya kama, aikin gona ya yi sauƙi sai ga masu noman rani a filayen da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa. To, a nan ne ake zaman saƙa sosai. Za a samo kaba, watau ganyen ƙaramar goruba, a shanya ta, a tsaga siriri-siriri, a rina wani sashe ja, wani kore, wani baƙi, a bar wani da farinsa. Gwaggo ba ta iya maganar hannu ba a lokacin, amma saƙa ba ta neman dogon surutu. Sai ta zaunar da Auta kusa da ita, ta yi zagaye ɗaya a hankali, ta miƙa mata. In ta yi daidai ta gyaɗa kai, in ta karkace ta warware mata. Faifanta na farko ya fito a karkace kamar kunnen jaki, duk da haka Inna ta rufe ƙwaryar furar Baba da shi har ya tsufa. Na goma kuwa an sayar da shi a kasuwar Talata, wanda ya saya bai ma san ko wace ce ta saƙa ba.

Da bazara ta shigo, zafi ya hana barci, sai kasuwa ta koma kan mafici. Da damina kuwa ita ke yafa iri a bayan Baba, ita ke kai abinci gona tare da yayanmu. Daga kuɗin saƙarta da Inna ke tara mata a asusu aka saya mata 'yar akuya, yanzu sun zama uku. Da hannunta take nuna wa baƙi su, ta bugi ƙirjinta, ma'ana nata ne. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Watan azumi da Salla su ne suka fi koya mana darasi. Auta ba ta jin kiran salla, ba ta jin masu kiɗan tashin sahur. Da farko akan bar ta tana barci, sai ta tashi da safe ta tarar an ci an sha ba da ita ba, ta yini tana fushi. Yanzu duk wanda ya fara tashi shi zai taɓa ƙafarta ya haska fitila. Da shan ruwa kuwa bakin Baba take duba. In goma ga wata ta yi, yara suka fara tashe, tana cikinsu. Mutane kan yi mamaki, wai me kurma za ta yi a wasan da aka gina kan waƙa? Sun manta rabin tashe kwaikwayo ne, ita kuwa da kwaikwayo take magana kullum. Takan ɗora tafin hannunta a kan ƙwaryar da ake kaɗawa ta ji motsin kiɗan, sa'an nan ta shiga fili ta kwaikwayi tsohuwa mai sanda ko uwargida mai kishi, matan gida su yi ta dariya har da hawaye. Ana jibi Salla kuma 'yan matan unguwa ke layi wurinta don zanen lalle, saboda hannunta ba ya rawa, hira kuma ba ta ɗauke mata hankali.

Ba ina nufin abin ba wuya ba ne. Inna ce ta fi kowa ɗaukar nauyin. Ba a kiran Auta daga nesa, sai an tashi an je. Ba ta jin hon na babur a hanya. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, in aka yi ihu da dare kowa zai farka ban da ita, saboda haka ba ta kwana sai kusa da babba, kuma kowa a gidan ya san wanda zai kama hannunta in ta ɓaci. Wannan rashin tsaro har saƙar ya taɓa, don shiga daji neman kaba ya zama abin tsoro, kuɗinta ya hau.

Na san wasu za su ce, ai talaka ba shi da zaɓi, abin da yaro zai samo a bara rana ɗaya ya fi kuɗin faifan da za a kwana uku ana saƙawa. Wannan lissafi yana iya zama gaskiya a yau. Amma yaron da ake tausayi yana da shekara takwas, wa zai tausaya masa yana da talatin? In kuma 'ya mace ce, wa ya san abin da za ta gamu da shi a tasha ko bakin kasuwa, alhali ko ƙara ba ta iya kaiwa? Sana'a tana ƙaruwa da shekaru, bara kuwa raguwa take yi. Ko a al'adarmu ta dā an san makafi da tufkar igiya. A Kano akwai waɗanda shan-inna ya naƙasa da suka haɗa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Mun kuma karanta a darasin addini cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma yana cikin ladanan Manzon Allah (SAW), har akan bar masa riƙon Madina in an yi tafiya. Aiki aka ba shi, aiki mai girma.

Wasu kuma za su ce, tun da ta iya saƙa, mene ne amfanin makaranta? Amsata ita ce, kurman da bai iya rubutu ba, iyakar duniyarsa mutanen gidansu. Maganar hannun da muke yi da Auta mu muka ƙago yawancinta, in ta je asibiti ba wanda zai gane inda ke mata ciwo sai da ɗayanmu. In ta iya karatu da rubutu da lissafi, za ta rubuta wa likita, za ta aika saƙo ta waya, ba kuma mai cutar ta wajen canji. An taɓa sa ta a wata firamare, aka zaunar da ita a bencin baya, malami na magana yana fuskantar allo. Shekara guda ta yi ba ta ƙaru da kome ba. Ban ga laifin malamin sosai ba, don ba a koya masa yadda zai yi da ita ba. Yanzu ni ke koya mata baƙaƙe da lambobi in na zo hutu, amma hutu nawa ne a shekara? Kano ta buɗe makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki tun 1977, a wannan shekara kuma aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu da ke Oyo. Amma talakan ƙauye ba zai iya kai 'yarsa ƙarama nesa haka ba. Abin da muke bukata shi ne aji ɗaya da malami ɗaya mai wannan horo a babbar firamaren kowace gunduma.

Akwai kuma mai cewa, ai wata naƙasar ta yi tsananin da yaro ba zai iya wata sana'a ba. Haka ne. Amma ko shi yana iya riƙe wa mai saƙa kaba, ko ya tsince wake, ko a zaunar da shi cikin 'yan'uwansa ranar Salla da sabuwar rigarsa. Abin nufi shi ne ya san ana lissafi da shi.

Ya kamata iyayenmu su sani cewa a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ta kuma ba shi haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare. Haka nan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri 5 na ƙwayar sanƙarau. In masu allura suka zo, don Allah a fito da yara. Gidanmu ya san farashin wannan ciwo.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Mu da muka sami gatan zama a makarantar kwana, ana ciyar da mu ana koya mana, mu ne idon ƙannenmu da ke gida. In mun je hutu, kowa ya nemi irin wannan yaro a gidansu ko maƙwabta, ya koya masa ko da rubuta sunansa ne. Mu daina kiran su da sunan naƙasarsu, mu hana ƙananan yara jifan su da yi musu waƙa. Masu tunanin aikin malanta kuma su tuna da fannin koyar da kurame da makafi, don ƙasarmu tana da ƙarancinsu. Ina kuma roƙon shugabar makarantarmu da malaman sana'a, in za a yi nunin kayan hannu na ƙarshen shekara, a ware tebur ɗaya don aikin irin waɗannan yara na cikin gari, iyaye su zo su gani da idonsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba iyayenmu haƙuri da ladan reno, ya sa mu amfani 'yan'uwanmu, amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar