Babin da ake kewayewa a ajin SVT

Akwai babi guda a darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa, wanda ƴan lise ke kira SVT, da malamai da dama ke kewaye shi kamar yadda matafiyi ke kewaye kududdufi da damina: babin juyin halitta da zaɓen yanayi. Uzuri ba ya ƙarewa. Yajin aiki ya cinye watanni, jarrabawar bak ta matso, lokaci ya ƙure. Wani malamin kuwa yakan rubuta layi goma a allo, ya ce a haddace, ya hana tambaya. Amma kowa ya san ainihin dalili: tsoron kada a fita gari a ce malam wane ya koya wa yara cewa biri ne kakan ɗan Adam.

Wannan tsoro an gina shi ne a kan magana da ilimin bai faɗa ba. Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859 bai wuce abin da kowane manomi zai gane ba. Ƴaƴan halitta ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya. Ana gadon wannan bambanci. Ana haifar fiye da waɗanda za su rayu. Waɗanda siffarsu ta dace da wuri da zamani su ne ke barin zuriya mai yawa. In aka jima, jinsin duka ya sauya kama. Sheƙa ce, sai dai mai sheƙar a nan fari ne, ko cuta, ko magani. Game da mutum kuwa, masana ba su ce birin da ke ɓarna a gona ya haifi kowa ba. Cewa suka yi akwai tushe ɗaya mai nisa, kuma suna kafa hujja da ƙwayoyin gado da ƙasusuwa irin ƙoƙon kan Tumai, da aka tono a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7. Wanda zai yi musu, ya yi musu da abin da aka faɗa.

Abin takaici shi ne, ba ƙasar da ta fi Nijar hujjojin koyar da wannan babi, amma ana koyar da shi, in an koyar, da tsuntsayen tsibiran Galapagos da ɗalibin Tawa bai taɓa gani ba. Ga gero a bakin ƙofa. Masu bincike sun gwada irin da aka tattara a ƙauyukan ƙasar nan a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003, suka tarar geron baya ya fi saurin fidda kai, zangarniyarsa kuma ta gajarta. Tsakanin shekarun biyu akwai fari mai tsanani, har da na 1984. Damina ta taƙaita, geron da ya makara bai kai ga rumbu ba, wanda ya yi sauri shi ya zama irin baɗi. Cikin shekara 27 ke nan, a gonar kakan ɗalibin da ake cewa babin ya fi ƙarfinsa. Ga kuma shibra, da ke kakkaɓe tsabarta ƙasa tun kafin girbi, ta tsere wa lauje, ta dawo baɗi.

A asibiti lamarin ya fi nauyi. Manya na tuna zamanin da Nivaquine ke kashe masassarar cizon sauro cikin kwana uku. Ƙwayar cutar mai jure wa maganin ta bayyana a gabashin Afirka a 1978, ta iso yammaci a shekarun 1980, har a shekarun 2000 ƙasashe suka bar shi suka koma magungunan haɗi masu artemisinin. Maganin bai lalace ba. Ya kashe masu rauni ne, ya bar wa masu juriya fili. Haka sauro ke yi da maganin da ke jikin gidan sauro, haka ƙwayoyin cuta ke yi da magungunan da ake saya ɗai-ɗai a tiren tallan kasuwa, a sha biyu a ajiye. Ɗalibin yau shi ne malamin asibitin gobe a Dakwaro ko Magariya. In bai san wannan ba, da wane baki zai hana majinyaci yanke magani a rabi?

Sai amosanin jini. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar gadon guda ɗaya, wato AS, yana da kariya daga masassara mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita inda sauro ya yawaita. In AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Iyalai nawa ke ɗora wannan a kan iska ko maita, alhali bayaninsa na cikin shafukan da aka tsallake?

Masu cewa a bar babin don kare imanin yara sun raina imanin da yaran duka. Ajin SVT tambayarsa ita ce yaya abu ke faruwa, kuma ba a neman ɗalibi ya yi shahada da Darwin, ana neman ya fahimci hujja ya iya auna ta. Turkiyya ta cire babin daga manhajar sakandare a 2017, Indiya ta cire shi daga littafin aji goma a 2023. Can aƙalla hukuma ta fito fili, aka yi ta muhawara. Nan kuwa cirewar a ɓoye take, aji bayan aji, ba wanda ya sa hannu, ba wanda za a tuhuma.

Aikin sufetoci ne su duba ko an kai babin, aikin ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu kuma su tanadi bayaninsa da Hausa, da Zabarmanci, da misalan gida, don malami ya samu abin riƙewa ranar da uba ya zo da tambaya. Makarantun Yamai ma ba su da uzuri ko kaɗan: ƙasusuwan manyan dabbobin Gadufawa, masu shekara fiye da miliyan 100, suna nan a gidan tarihi na Bubu Hama, tafiyar ƴan mintoci daga aji.