Barkwancin da aka ji a rediyo da ƙuruciya: kada sunan mai shi ya ɓace

Duk wanda ya tashi a Yamai kafin wayar salula ta cika gari yana da wata murya da ta maƙale masa a ka. Wani ya tuna mai gida da ke rigima da matarsa kan kuɗin cefane, wani kuma baƙauyen da ya shigo birni ya rasa hanya. Ana tuna dariyar da aka yi a tsakar gida, ana tuna akwatin rediyon da ke rataye a jikin bishiya, amma sunan wasan da na mai wasan sun gudu. Yau da yawa daga cikin yaran nan suna Legas, Akara ko Faransa, suna tura saƙon murya a WhatsApp: wa ya san wannan wasa?

Manhajoji irin su Shazam ba sa taimakawa a nan, domin suna gane abin da aka riga aka ɗora a rumbunsu ne kawai. Wasan da aka ɗauka a faifai shekaru arba'in da suka wuce ba ya ciki.

Duk da haka mai nema yana da alamomi. Na farko shi ne harshe. Idan ɗan wasan yana cusa Faransanci ko Zabarmanci, yana lissafi da dala da jika, to wasan na Nijar ne, kuma mai yiwuwa daga Muryar Sahel ya fito, tashar da ta fara aiki a 1958 da sunan Rediyo Nijar, aka sauya mata suna a 1974. A nan ne za a fara tambaya kan ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram. Idan kuwa Hausar barikin soja ce gauraye da gurɓataccen Turanci, ana maganar naira, to hankali sai ya koma kan Samanja, wato Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, domin a wancan lokaci Rediyon Kaduna na shiga gidajen Nijar ta gajeren zango. Idan kuma kwaikwayon wa'azi ne da aka juya shi kan tuwo da nama, wannan aikin 'yan kama ne. Lokaci ma alama ce: tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani sai a shekarun 1990 suka bayyana.

Sai dai wannan duk kame-kame ne, kuma yana dogara ga dattawan da suka yi aikin ko suka saurara. Kowace shekara ana rasa wasu. Faifan ma ba ya jira: zafi, ƙura da laima na cinye shi, injinan da ke karanta shi kuma sun zama tarihi.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa ba ta da lokacin tsohon barkwanci. Amma wasannin nan sun ɗauki abin da takardun gwamnati ba su ɗauka ba: yadda talaka ke magana, yadda yake yi wa ma'aikacin ofis ba'a, abin da ke damunsa a zamanin Samariya. Har wata mai bincike, Janet Beik, ta wallafa littafi a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar. Kuma akwai batun haƙƙi. Gutsuren wasa na yawo a TikTok da Facebook babu suna, mai shi ko iyalinsa ba su samu ko da godiya ba.

Abin da ya faru a Jos darasi ne. BBC ta goge shirye-shiryenta da dama a shekarun 1960 da 1970, amma a 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirin Doctor Who da suka ɓata, a ajiye a wata tashar talabijin ta Jos. Abin da ake zaton ya tafi yana iya kasancewa a kan kanta, ƙura ta rufe shi.

Yamai ba ta rasa wuraren da suka san wannan aiki ba. Akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka mai kula da adabin baka, akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ya kamata hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa ta haɗa kai da su, a mayar da tsoffin wasanni cikin kwamfuta, a fitar da jerin sunayensu, shekarunsu da 'yan wasansu inda kowa zai iya dubawa. Shiri ɗaya a mako da zai saka tsohon wasa, masu sauraro su bugo waya su faɗi abin da suka sani, zai cike giɓi mai yawa.

Matasa da mazauna waje su ma da nasu aikin. A gidaje da yawa akwai kaset ɗin da iyaye suka naɗa kai tsaye daga rediyo. Kafin a zubar da shi, a saurara, a kwafe, a zauna da tsohuwa a tambaye ta wane ne ke magana, sannan a rubuta sunan a jikin duk abin da za a tura.