Ba Tsutsa Ba Ce, Sukari Ne

Maganata ta yau a kan haƙoran samari da 'yan matan ƙauyukanmu ce.

Duk wanda ke cin kasuwar ƙauye ya san mai cire tsutsar haƙori. Sai ya zaunar da yaro, ya turara masa baki, ya nuna masa wani ɗan abu fari cikin ruwa, ya ce ga ta nan ta fito. A biya shi a koma gida, bayan kwana uku kunci ya kumbura. Jama'a, babu tsutsa cikin haƙori. Abin da ke ciki ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙora, abincinsu kuwa sukari. In sun ci sai su fitar da wani tsami, shi ke zaizaye farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya zama kogo. Allah cikin hikimarsa Ya sa yawu yana wanke tsamin nan yana gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci, kamar rabin sa'a ko fiye. Wanda ya sha zaƙi sau ɗaya tare da abinci, yawu ya isar masa. Wanda kuwa ke tsotsar alawa tun hantsi har magariba, ina yawu zai sami sarari?

Da can yaron ƙauye ba ya samun zaƙi sai jefi-jefi, rake ko mazarƙwaila ran kasuwa, nakiya ran biki. Yanzu ko wane gari da teburin mai shayi, ga biskit, ga lemon kwalba. Saurayi ya yi ƙwadago a gona, yarinya ta dawo daga talla, 'yan kuɗin hannunsu nasu ne, ba mai tambayar inda suka tafi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kamar ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo guda ta kan ɗauki wajen 9.

Abin tsoro shi ne, ɗan shekara 13 ya riga ya gama famfara, haƙora 28 da ke bakinsa su zai tsufa da su. Turmin da ya ruɓe yanzu ba wani da zai maye gurbinsa.

Ga shi kuma an bar wa dattawa asuwaki, samari suna ganinsa ƙauyanci ne, buroshin ma ba su riƙe ba. Ni a ganina a nan malamanmu suka yi sake. Asuwaki sunna ce, reshen darbejiya kuwa ba a saye. Malamin da ke duba alwalar almajiri, me zai hana ya duba bakinsa? Mai hali ya haɗa da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare, tun ba na dare ba, domin yawu yana raguwa in an yi barci.

In kuwa kogo ya riga ya fito, kanumfari yana kwantar da zogi ne kurum, ba ya cike rami. Masu ɗiga ruwan batir kuma su bari, dasashi suke ƙonawa. A kai yaro asibiti tun ramin yana ƙarami, likita ya share ya cike, kafin abin ya kai ga cirewa.