Faransa da Jamus: ina rayuwa ta fi daɗi?

Kogin Rhine ne kawai ya raba birnin Strasbourg na Faransa da garin Kehl na Jamus, kuma kowace safiya dubban Faransawa kan tsallaka iyaka zuwa wuraren aikinsu a Jamus. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, wato euro, to amma kowacce da yadda take fassara jin daɗin rayuwa.

Ta fuskar samun aiki dai Jamus ce a gaba. A shekarar 2024 marasa aikin yi a ƙasar ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba, yayin da a Faransa suka haura kashi 7. Masana da dama na danganta hakan da sauye-sauyen da gwamnatin Gerhard Schröder ta yi tsakanin 2003 da 2005, waɗanda suka rage tallafin marasa aiki. Sai dai masu suka na cewa sauye-sauyen sun haifar da ɗimbin ƙananan ayyuka masu ƙaramin albashi.

Hutu da tsawon rai

Ita kuwa Faransa, ta fi ba da muhimmanci ga lokacin hutu. Tun shekarar 2000 dokar ƙasar ta ƙayyade aikin mako a sa'o'i 35. Da gwamnatin Shugaba Emmanuel Macron ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, an shafe watanni ana zanga-zanga, alhali tun 2007 Jamus ta amince da ɗaga nata sannu a hankali zuwa 67.

Bafaranshe kan ɗara Bajamushe tsawon rai da kusan shekaru biyu. Haka kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari na Faransawa na zaune a gidajen kansu, yayin da fiye da rabin Jamusawa ke zaman haya.

Wa zai biya?

To amma wannan jin daɗi ba a banza yake zuwa ba. A 2024 bashin da ke kan gwamnatin Faransa ya zarce kashi 110 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, na Jamus kuwa bai kai kashi 65 ba. Takaddama kan kasafin kuɗi ce ta yi awon gaba da firayim ministoci biyu, Michel Barnier a Disamban 2024 da François Bayrou a Satumban 2025.

Tsimin Jamus shi ma bai bar ta haka nan ba. Jiragen ƙasanta sun yi ƙaurin suna wajen makara, kuma a Satumban 2024 wani sashe na gadar Carola a birnin Dresden ya rufta cikin kogi. A Maris na 2025 majalisar dokokin ƙasar ta sassauta dokar hana cin bashi, ta kuma amince da asusun euro biliyan 500 don gyaran hanyoyi da gadoji da makamantansu.

Ga matashi mai neman aiki, Jamus ta fi sauƙi. Ga wanda ya kusa ajiye aiki, Faransa ta fi. Sai dai a ƙasashen biyu tsofaffi na ƙaruwa, kuma ma'aikatan yau ne ke biyan fanshonsu, don haka duk gwamnatin da ta zo sai ta yanke shawarar wanda zai ɗauki nauyin.