Ajin Waya Ma Aji Ne



Tun da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya shiga rediyo da waya, kuma har yau bai fita ba. Yanzu 'yan manyan azuzuwa muna da zaurukan WhatsApp inda malamai ke turo mana darasi lokacin hutu.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Malam zai turo aikin Lissafi, kafin a jima hotunan barkwanci, gardamar ƙwallo da "ina kwananku" sun binne shi. Ya yi tambaya, kowa ya gani, ba mai amsawa. Wa zai yi haka malam na tsaye gaban allo?

Waɗanda abin ya fi cutarwa su ne marasa waya. Da yawanmu aron ta baba ko ta yaya muke yi na ɗan lokaci. Ɗan'uwanmu da ya tafi hutu ƙauye wajen Kebbe sai ya yi ta neman inda sabis ke kamawa, ya buɗe zaure, datarsa ta ƙare a kan shirme bai kai ga darasin ba. Wannan haƙƙi ne a wuyanmu.

Kada kuma mu manta, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Wanda ya saba ɗaukar na'ura abin wasa kawai, ranar zai sha wuya.

Ga shawararmu. Kowane zaure ya sa lokacin darasi tsayayye, misali bayan sallar Isha'i, sa'ad da masu wayar suka dawo gida. A naɗa monita kamar yadda muke da shi a aji. Idan malam na bayani a kulle zauren, a buɗe lokacin tambaya. Masu hira su buɗe nasu daban. Wanda ya sauke darasi ya tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth.

Malamanmu kuma muna roƙonku: ku taƙaita saƙon murya, ku riƙa kiran suna idan kun yi tambaya. Wanda ya san za a kira shi ba ya gyangyaɗi.

Malam na sayen data da kuɗinsa don mu ƙaru. Mu saka masa da ladabi da amsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Tambuwal