Wasa Ba Faɗa Ba Ne

Mai karatu, duk ranar da ƙauyuka biyu suka kara a ƙwallo, mu a asibiti mukan tanadi allura da zaren ɗinki tun kafin magariba. Mun san abin da ke tafe: rotse, karaya, wani lokaci har saran adda.

Tuna da ranar 9 ga Mayu, 2001, a babban filin wasa na Accra. Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1. Waɗansu 'yan kallo suka fusata, suka kama jifa da kujeru da kwalabe. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin taro, jama'a suka ruga, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum fiye da 120 suka mutu, da dama daga cikinsu samarin Nima ne. Yawancinsu matsi ne ya hana su numfashi. A watan Fabrairu na 2025 kuma, aka daɓa wa wani magoyin bayan Kotoko wuƙa a Nsoatre, ya rasu, har aka dakatar da gasar ƙasa.

Kada ka ce wannan abin mutanen kudu ne. Dutsen da yaro zai jefa a Navrongo ko Bawku, ko Yendi ko Salaga, shi ma kisa yake yi. Na taɓa karɓar wani saurayi da aka jefa a ka bayan wasa. Ya tashi da ƙafarsa ya tafi gida, abokansa suka ɓoye maganar don tsoron 'yan sanda. Kashegari aka kawo shi ba ya magana. Jini ne ya taru a cikin kansa da dare. Ba mu iya cetonsa ba.

Saboda haka, in an bugi ɗanka a ka, kada ka bar shi ya kwana shi kaɗai. In ya yi amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko jini ya fito ta kunne, kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne. Wurin da ke zub da jini, danne shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka. In wuƙa ta maƙale a jiki, kada a zare ta.

Amma rigakafi ya fi magani. Baba, tambayi ɗanka abin da ke aljihunsa kafin ya tafi fili. Giya da tiramadol da kuɗin caca su ne ke hura wutar. Kai kuma saurayi, in jifa ta fara, bar wurin. Ba ragonta ba ne. Kulob ɗin da ya sha kashi yau zai sake buga wasa mako mai zuwa. Uwarka kuwa ba ta da wani kai.