Telefang ba jabu ba ne, sace shi aka yi

Jama'a, masu kiran Telefang "Pokémon na jabu" su daina. Wallahi zalunci ne.

Wasan nan ya fito a Japon a shekarar 2000, a na'urar hannu ta Game Boy Color, kashi biyu: Power da Speed. Kuma da dabararsa ya zo. A Pokémon, jifar dabba kake yi da ƙwallo ka kulle ta. A Telefang kuwa, in ka kayar da dodo ka burge shi, lambar wayarsa zai ba ka. Faɗa ya tashi, ka buga masa, ya taho, in yana nesa ma sai ka jira shi. Wa ya kwaikwayi wa a nan?

Ƴan satar fasaha ne suka kwashe shi, suka juya shi zuwa gurgun Turanci, suka manna masa sunan Pokémon Diamond da Pokémon Jade. Alhali Diamond na gaskiya sai a 2006 ya fito! Yara suka saya, ba Pikachu, ga wasa yana maƙalewa, sai tsinuwa ta faɗa kan waɗanda suka yi gumin ƙirƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai satar ce ta sa duniya ta san shi. Ta san shi da sunan wa? Wanda aka kwaɓe wa riga a kasuwa, ba talla aka yi masa ba.

Matasa, kafin ku ce abu jabu ne, ku tambayi wanda ya liƙa takardar. Sunansa Telefang, ku kira shi da shi.